Kowa ya zama PDG a Garwa, to wa ya rage ya yi aikin?

Ina da ɗan shago a nan Garwa, arewacin Kamaru, ba nisa da babbar kasuwa, kwamfuta biyu ne a ciki sai firinta sai wani tsohon injin fotokofi da sai an lallaɓa shi kamar jariri kafin ya tashi. Aikina buga takardu ne, katin biki, katin suna da lambar waya irin wanda ake miƙa wa mutum, CV, da 'yan zane-zanen talla da mutane ke ɗorawa a status na WhatsApp ko a Facebook. To kun san wanzami shi ya san ƙeyar kowa ba hula, haka nake a wannan harka, kafin mutum ya fita gaban duniya da babbar rigarsa ta intanet wurina yake fara biyowa in ɗinka masa, ni nake ganinsa daga shi sai singileti.

Satin da ya wuce wani yaro ya shigo da rana tsaka, zafin nan namu da ko fanka sai dai ta hura maka wuta, ya ce "Yaya, kati nake so ka yi min, da hoton da zan sa a saman shafina na Facebook da LinkedIn." Na ce to me za a rubuta? Ya zaro waya ya fara karanto min da Faransanci: PDG, expert a fasahar zamani, coach, consultant international. PDG fa, wato shugaban kamfani sukutum, abin da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka ke ce wa CEO. Na ɗago kai na dube shi, don na san yaron tun yana yawo ba wando, na kuma san sana'arsa. Gyaran waya yake a kan wani ɗan tebur ƙarƙashin laima, kuma wallahi a layin nan kaf ba wanda ya kama ƙafarsa, wayar da ta faɗa ruwa aka cire rai da ita shi ake kai wa, ya buɗe ta ya bi layukan nan masu kamar gashi da ɗan ƙarfen dalma har ta tashi. Na ce "To gyaran wayar fa, a ina za mu sa shi?" Sai ya yamutsa fuska ya ce "Haba Yaya, wannan ai ba zai shiga ba, zai rage min daraja."

Abin da ya iya, wanda yake ci da shi yake ciyar da mahaifiyarsa, shi ne zai rage masa daraja, wanda bai iya ba kuma shi za a rubuta da manyan baƙaƙe. Tun ranar maganar nan take min yawo a kai.

Amma kafin in zargi kowa bari in fara da kaina, don nima na sha wannan ruwan har na ƙware. Wajen ƙarshen 2021, lokacin da gari ya ɗauki zafin shirin gasar cin kofin Afirka ana cewa baƙi za su cika filin ƙwallonmu na Rumde Ajiya, sai na ce bari in gyara shafina. Na cire "mai buga takardu" na sa "agence de communication", wato kamfanin talla, na naɗa kaina darakta janar, duk inda ya kamata in ce "ni" sai in rubuta "mu", muna da ƙwararrun ma'aikata, alhali ma'aikatan ni ne da ƙanina da yake zuwa bayan an tashi daga makarantar sakandare. Na shiga intanet na kwaso hotunan manyan injinan buga riguna, wani ɗaki fes da fitilu, in ka lura da kyau ma akwai Turawa a can baya, na ɗora. Ban rubuta cewa nawa ne ba fa, da wannan nake lallashin zuciyata, na dai ajiye hoton a ƙarƙashin sunana na bar mai kallo ya ƙarasa ƙaryar da kansa.

Aka kuwa samu mai ƙarasawa. Wani ɗan kasuwa daga Yola ya ga shafin ya kira ni, yana son riguna 1,500 kore da fari da zai sayar wa magoya bayan Najeriya tunda a Garwa za su buga wasanninsu na rukuni. Sau biyu yana tambayata "Malam, za ku iya kafin a fara?" na ce ai wannan ƙaramin aiki ne a wurinmu. Ya turo rabin kuɗi. Ni da ban taɓa buga riga ta wuce 30 a lokaci ɗaya ba, da ɗan injin dannawa na hannu. Na ruga na nemi wani a Duwala ya yi aikin in ci riba a tsakani, ashe shi ma irina ne, hotunan shafinsa sun fi ƙarfin shagonsa, shi ma ya miƙa wa wani. Najeriya ta ci Masar 1-0 ranar 11 ga Janairu, gari ya cika da 'yan Yola da Mubi da Kano kowa na neman abin sawa kore, rigunanmu suna Duwala. Suka ci Sudan, suka ci Gini Bisau, rigunanmu wai suna hanya, yau a ce sun bar Yawunde gobe a ce mota ta lalace kafin Ngaundere. Ranar 23 Tunisiya ta fitar da Najeriya a nan filin namu, washegari da hantsi aka kira ni daga tasha wai in zo in ɗauki kayana. Wa zai sayi rigar ƙungiyar da ta riga ta tattara ya-nata-ya-nata?

Babur ɗina na sayar, na ƙara da bashi. Wanda ya fitar da ni kuma kawuna ne, tsohon dillalin shanu da ya yi shekaru yana bin kasuwar Adumri, bai yi boko ba, wayarsa ma 'yar ƙaramar nan ce mai tocila. Ashe mai masaukin mutumin Yolan ya san shi, sai kawun ya je ya zauna ya ba da haƙuri ya ce in ban biya ba a bi shi, aka yarda aka raba min biyan kashi-kashi. Da muka fito ya tsaya a bakin hanya ya ce "Ɗana, an nuna min a waya wai kai ne darakta janar. Mutum nawa ne a ƙarƙashinka?" Na ce "Kawu, ai haka ake rubutawa yanzu, kowa haka yake yi." Ya ce "To mu a kara in ka ce shanunka goma ne sai an ƙirga ƙafafu." Bai ƙara komai ba ya tare moto ya tafi.

Na daɗe ina juya wannan maganar. Mu Hausawa ba baƙin talla ba ne, kakanninmu fatauci ya kawo su ƙasar nan, goro da kanwa da tufafi da fata, har suka kafa unguwanni irin Hausare a nan da Briketeri a can Yawunde. Amma baƙo in ya sauka a gari ba shi yake tsayawa ya ce ni mai gaskiya ne ba. Mai gidan da ya sauke shi ne yake faɗa, ko dillalin da ya shiga tsakani, kuma mai faɗar yana da abin da zai rasa, in baƙon ya gudu da kuɗin mutane shi za a riƙe, la'adar da yake ci kuɗin wuyansa ne da ya bayar. Haka ma yabo. Lamido ba ya yi wa kansa kirari, maroƙa ke yi masa, kuma kowa a wurin ya san ƙa'idar wasan, in maroƙi ya kira Alhaji giwa ba wanda zai koma gida yana zaton mutumin yana da haure. Masu yi wa kansu kirari da bakinsu su ne 'yan dambe da 'yan kokawa, to su kuma suna rufe baki ake tura su fage, nan take a gani.

Intanet ta zo ta wargaza wannan tsarin. Yanzu kai ne Alhajin, kai ne maroƙin, kai ne dillalin da ke tsaya maka, kuma ba fage. Abin da ya fi muni, kirari muke rubutawa a wurin da mai karatu ya ɗauka shaida ce. Mutumin da ke zaune a Duwala ko Njamena ko Kano ya buɗe shafinka ya ga "shekara 10 ina wannan aiki", ba ya jin kalangu a bayan maganar, ɗauka yake ƙirge ne, a kansa zai turo kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo.

Ba wai ban san abin da ke ingiza yaran nan ba. Ngaundere ta samu cikakkiyar jami'a a 1993, Marwa a 2008, Garwa a 2022, ana ta yaye matasa da digiri na farko da na biyu, aikin gwamnati kuma sai ta konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, kujeru kaɗan masu nema kamar fari, kamfanin auduga Sodecoton da 'yan kamfanonin da muke da su ba za su kwashe kowa ba. Ƙungiyoyin agaji da suka cika Marwa da Mokolo da Kusiri tun da rikicin Boko Haram ya tsallako aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013 su kowa ke hari, su kuma ka duba sanarwarsu, ƙaramin aiki ma sai a ce sai wanda ya yi shekara biyu ko uku yana irinsa, to yaron da ya gama jiya a ina zai samo? Sai ya zo wurina ya ce "Yaya, sitaj ɗin nan na koyon aiki na wata biyu mai da shi shekara biyu", wanda ya raba gidan sauro kwana uku ya koma "coordonnateur", wato mai kula da shirin. Na sha yi musu a da, ba zan ɓoye ba, sefa 1,000 ce CV.

Mu ma jama'a da namu laifin. Ba ma ganin mutum da gashi sai ya zo da taken da ya fi shi nauyi. Ka ce kai tela ne a nuna maka tabarma, ka ce "styliste" a kawo kujera. Mun koya wa yara cewa suna ya fi aiki tsada sannan muna mamaki sun tafi sayen suna. Kuma sayensa ake yi da kuɗi tsagwaronsu, mabiya ana saye, like ana saye, har shuɗin tambarin nan da a da sai fitattu ake ba, tun da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022 ya mai da shi na dalar Amurka 8 a wata, Facebook da Instagram ma suka fara sayarwa a 2023, iyakarsa ya nuna sunan naka ne kuma ka biya, bai ce ka iya komai ba. Takardar makaranta ma ba ta tsira ba, a 2022 ma'aikatar tsaro ta kori kusan mutum 1,000 daga cikin sabbin sojoji da jandarmomi da ke horo saboda takardun bogi. Wanda ya iya sayen bak na ƙarya, wato takardar gama sakandare, rubuta "expert" a LinkedIn ai kamar shan ruwa ne a wurinsa.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika taɓowa ba kuma shi ya fi ƙona min rai. Marasa aikin suna ta ihu, masu aikin na gaske sun yi gum. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, turaren wuta da humra take haɗawa, a wurin kakarta 'yar Njamena ta koya, in ta kunna kasko layin gaba ɗaya sai ya sani. Wasu 'yan mata suna sara a wurinta da araha su juye a kwalabe masu kyau su liƙa takarda da sunansu (ni nake buga takardar, Allah ya yafe min) su ɗora a TikTok wai sirrin gidansu ne da suka gada, su ninka kuɗi uku. Na ce mata "Hajiya, me zai hana a buɗe miki shafi a sa kayanki da sunanki?" ta rufe baki da mayafi ta ce "Wai ni in fito in ce na iya? Yabon kai jahilci ne ɗan nan." Haka dukawan Marwa masu takalmi da jakar fata, haka teloli da yawa da hannunsu ya fi na masu kwaso hoto a Pinterest su ce ɗinkinsu ne.

Ni a ganina mun ɗora karin maganar nan inda ba wurinta ba. In ka faɗi abin da ka iya daidai gwargwadonsa bayani ka yi, kamar mai albasa ya ce buhun nan na Marwa ne kuma na bana ne. Annabi Yusuf alaihissalam da bakinsa ya ce wa sarkin Masar a ɗora shi a kan taskokin ƙasa don shi mai tsarewa ne masani, tana nan aya ta 55 a surarsa, don ya san zai iya kuma mutane na bukatar wanda zai iya. Kunya ado ce, na yarda, amma kunyar da za ta sa wata ta ci guminki da sunanta wannan kam asara ce, kuma mai saye ma an cuce shi, ya biya ninki uku bai san hannun da ya yi masa aiki ba.

Abokaina in muna wannan gardamar a teburin mai shayi sukan ce ai kowane talla da ɗan gishiri, wa zai ɗora hotonsa yana tashi daga barci? Gaskiya ne, kuma ban ce mutum ya fito da tsumma ba. Ka yi wanka ka sa shaddar sallah ka tsaya inda haske yake a ɗauke ka, ka zaɓi ɗinkin da ya fi kyau cikin goman da ka yi ka nuna, duk wannan naka ne ka gyara. Mai tumatir ma yana goge kayansa ya jera. Inda aka tsallake layi shi ne ka jera manya a sama ka cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, ko kwandon ma gaba ɗaya na maƙwabci ne ka tsaya a gabansa aka ɗauka. Duk mun san hadisin nan na cikin Muslim, Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci ya cusa hannu cikin tulin ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Manzon Allah ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Lura fa, mutumin nan jerawa kawai ya yi, irin jerawar da na yi da hoton injin Turawa. Akwai kuma wata mata da ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, aka ce mai taƙama da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Saurayin da ya jingina da motar wani a bakin otal, ko ya zauna a kujerar ofis ɗin da ya je kai saƙo aka ɗauke shi ya rubuta "aiki ba hutu", riga da wandon kenan cif.

Yanzu ma ga sabon tela ya shigo gari. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 CV ɗin da ake kawo min duk sun koma kamar uwa ɗaya ta haife su, kowa "passionné", kowa "dynamique", Faransanci mai santsi wanda in ka ce mai takardar ya karanta maka da ƙarfi sai ya yi tuntuɓe a layi na biyu. Nima ina sa ta ta gyara min kuskuren rubutu, amma ranar intabiyu ba za ta shiga ɗakin tare da kai ba.

Wani abin dariyar kuma, da mutane suka fara gane ƙaryar manyan take sai aka canza salo, gaskiyar ma ta zama haja. Yanzu yayin shi ne ka fito ka ba da labarin wahala, "na fara da sefa 5,000, na kwana da yunwa, kowa ya guje ni", a sa kiɗa mai taushi a ƙasa, wani har da hawaye, alhali mun san gidansu, mun san babansa ne ya biya hayar shagon shekara guda ya cika masa shi da kayan Dubai. Wannan ya fi PDG ɗin haɗari ma, don yaron da da gaske ba shi da ko sisi zai kalla ya ce to ni me ya same ni da ban yi arziki da 5,000 ba, ya shiga zargin kansa ko ya kama hanyar banza. Ban ce sai ka faɗa wa duniya cikinka kafin a kira ka mai gaskiya ba, asirin gidanka naka ne, rashin lafiyarka da bashin da ke kanka ba su shafi mai sayen kayanka ba, addini ma sutura ya koya mana. Ka yi shiru a kan abin da ka ga dama. Amma abin da ka zaɓa ka faɗa, musamman wanda wani zai dogara da shi ya fitar da kuɗinsa ko ya miƙa jikinsa, ya zama in kawuna ya zo ƙirga ƙafafu zai same su cif.

Na ce jiki don akwai waɗanda abin nasu ya wuce ado. Mai sayar da haɗin maganin ƙiba ko na haihuwa ta sa farar riga ta rataya abin awon ƙirji a wuya ta kira kanta Dakta, mata suna sha ba su san me ke ciki ba. Ga "coach" na kirifto da ke nuna hoton waya cike da lambobi kore, ya tara yara a ɗakin otal kowa ya biya kuɗin horo, shi kuwa arzikinsa kaf daga kuɗin horon ne. A da feyman, wato ɗan damfara, sai ya sayi kwat ya ari mota ya yi wahalar zuwa inda kake, yanzu data ta sefa 500 ta ishe shi. Dokar laifukan intanet tana nan tun Disamban 2010, amma wa zai bar sana'arsa ya yi ta zirga-zirga a ofishin 'yan sanda a kan sefa 20,000? Sai mutum ya ce Allah ya isa ya haɗiye. Abin da ke biyo baya kuma mu duka muke biya, wake ɗaya ai shi ke ɓata gari. Yau yarinya mai gaskiya da ke sayar da atamfa daga Garwa in ta ce wa mai saye a Yawunde ya turo kuɗi kafin a sa kaya a mota sai ya ce a'a sai ya gani, ita kuma ba ta da jarin da za ta saki kaya ba kuɗi, ciniki ya mutu a kan ƙaryar da wani ya yi bara.

Bayan abin rigunan nan na goge shafina tas na sake. Na ɗauki hoton shagon yadda yake har da tsohon injin fotokofin, na rubuta abin da nake yi da wanda ba na yi, riga in ta wuce 50 ba aikina ba ne, zan haɗa ka da wanda na sani in kuma gaya maka ba ni zan buga ba. Ba zan ce muku daga nan kuɗi suka fara zuba ba, wannan ai zai zama irin labarin masu hawayen, mabiyana ma raguwa suka yi, kuma akwai manyan ayyukan da suka wuce ni suka tafi wurin masu "agence" da na san a ɗakin uwarsu suke aiki. Abin da na samu shi ne wayata in ta yi ƙara gabana ba ya faɗuwa, kuma yawancin masu zuwa yanzu wani ne ya ce musu "je wurin wane, in ya ce Alhamis to Alhamis ce". Mai gida da dillalin kawu kenan suka dawo ta wata ƙofa, sai dai yanzu da saƙon murya na WhatsApp suke tsaya wa mutum. Garwa ce fa, in ka ce kana da ofis a Plateau wani ɗan moto zai ce ai jiya ni na sauke shi a ƙofar gidansu a Yelwa.

Shi kuwa yaron mai gyaran waya, mun kusa awa muna ja. Na juyo masa kwamfuta na tsara masa wani ya gani, sunansa a sama, a ƙasa "gyaran waya: allo, caji, wadda ta faɗa ruwa, wadda ta ƙi tashi", sai inda teburinsa yake da lokacin da yake fitowa, na ce ya kawo hoton hannunsa cikin buɗaɗɗiyar waya mu sa maimakon na kwat ɗin. Na ce masa "Ƙanina, wanda wayarsa ta mutu da dare kai yake nema, in ya ga PDG wucewa zai yi don zai ɗauka ka fi ƙarfin aljihunsa." Ya yi shiru yana kallo, can ya ce wannan ɗin ya yi kyau kam, a buga masa 100. Har na fara murna. Sai ya matso ya rage murya ya ce "Amma Yaya, na farkon ma ka buga min ko 20 ne, akwai gidan da nake neman aure, baban yarinyar yana da Facebook."

Na buga masa. Na dai cire "international" ɗin, na ce wannan kam sai ranar da ya je Kusiri ya tsallaka gadar Ngeli ya gyara waya ko ɗaya ce a Njamena.